In Ka Ji Ƙararrawa, Ni Ce

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna cewa, "Amatullahi, ki yi haƙuri, ki bar wa Allah," na ji, na kuma gode. Amma kafin ku ƙara ba ni haƙuri, ku zo gidanmu a Gumel da sassafe ku ga yadda nake ɗaura wa yayata Hidaya zani, saboda yatsunta ba sa iya kama bakinsa. In kun gani da idonku kuka ce har yanzu in yi haƙuri, to sai mu sake zama.

Bari in faro daga tushe saboda waɗanda yau suka fara cin karo da ni.

Ni da Hidaya marayu ne. A hannun Kawu Ɗalha muka tashi, ƙanin mahaifiyarmu, da matarsa da muke kira Goggo Larai. Kawu dillalin riɗi ne, shi ya samo mana aiki a siton amininsa Alhaji Ubale da ke Maigatari, inda ake tsince zoɓo da riɗi a ɗinke a buhuna. Kullum da safe bas ɗin sito ke kwasarmu daga Gumel, da la'asar ya maido mu, hannu duk ya yi ja da zoɓo.

Zauren mata daban yake, dogon ɗaki mai rufin kwano, ƙofarsa na buɗewa ne ga filin da 'yan dako ke loda motoci. Da yake bel ɗin inji yana iya fizgar hijabi, doka ce kowace ta cire nata ta rataye a wani ɗan ɗaki can ƙuryar zauren, tare da jaka da waya. Daga mu sai riga da ɗankwali muke aiki, tunda namiji ba ya shigowa. Ku riƙe wannan ɗan ɗakin a ranku, za mu dawo kansa.

Yazid ɗan ƙanin Alhaji Ubale ne, shi ke kula da ma'aikata. Dogo ne, wankan tarwaɗa, kullum cikin shadda mai sitati, turarensa na riga shi isa wuri. Ya ce yana so na, ni kuwa ban ƙi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Matsalarsa ɗaya ce: ba shi da damar shiga zaurenmu, wayata kuma tana ƙurya a cikin jaka. Mutumin da ya saba duk abin da yake so a miƙo masa, sai ya ɗaga ido ya ga ɗan jan akwatin nan da ke bango, madannin ƙararrawar gobara.

Ranar farko da ta yi kuka, wallahi na ɗauka tashin duniya ne. Muka zubar da faifai, muka yi ƙofa muna salati, wata dattijuwa, Inna Ummulkhair, ta faɗi aka bi ta kanta, Hidaya ta damƙi hannuna ta ja ni waje. Muka fito fili, wata ɗankwali ya zame, wata ba takalmi, matan aure da 'yan mata, a gaban 'yan dako da direbobin kamiyo, manyan motocin kaya. Ba hayaƙi, ba wuta. Sai dariya da shewa. Wani direba har yana tafi. Can na hango Yazid ya jingina da motarsa, hannu a aljihu, yana murmushi.

Da muka koma gida na buɗe waya na tarar da saƙonsa.

"Kin ga yadda na fito da ke? Daga yau in kin ji ƙararrawa, ni ne."

Na rubuta masa, "Wannan ba abin wasa ba ne. Inna Ummulkhair ta gurɗe ƙafa. Kada ka sake."

Ya turo mini 'yar fuskar nan mai dariya har da hawaye.

Ya sake kuwa. Duk ranar da Alhaji ya tafi Kano sai ya danna. In Alhaji ya ji labari, sai Yazid ya ce masa wayar lantarki ce ta haɗu, ko ya ce gwaji yake yi. Na yi fushi, na daina ɗaga wayarsa, ya ba ni haƙuri, bayan kwana biyu ya koma gidan jiya. A hankali mata suka koyi abu biyu. Na farko, ƙararrawa ba ta nufin komai. Na biyu, duk wadda ta fita ba hijabi ta zama abin dariyar 'yan dako. Har suna suka raɗa mata, sallamar Yazid. Da ta fara kuka sai ka ji an ce, "Amatu, tashi mana, ana sallama da ke."

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari. Wayar lantarki ta yi tartsatsi a ɗakin ajiya da ke jikin bangonmu, inda aka jibge buhunan busasshen zoɓo har rufi. Yazid ne ya fara ganin hayaƙin, ya ruga ya danna. Wannan karon da gaske yake.

Ba wadda ta ɗaga kai daga faifanta.

"Angonki ya ƙosa yau," in ji wata, aka kwashe da dariya.

Hidaya ta yi tsaki ta ce, "Je ki ki faɗa masa ya bar mu mu yi aiki, kaina ciwo yake."

Na yafa wani tsohon zani na fita a fusace, na shirya masa maganar da sai ya kwana yana juyi. Ina sa ƙafa waje na ga baƙin hayaƙi yana tuɗaɗa ta ƙarƙashin kwanonmu. Na juya ina ihu, "Wuta ce! Wallahi ta gaske ce, ku fito!"

Sai da na rantse sau uku kafin su miƙe. Da suka miƙe kuma, kun san ina suka nufa? Ƙofa tana nan a buɗe a gabansu, amma rabinsu suka yi ƙurya, wajen hijabi. Ba wadda take son a sake yi mata shewa. Hidaya ta riga su isa, ta tsaya a bakin ɗan ɗakin tana cirowa tana miƙa musu, wannan naki, wannan naki, ku yi sauri. Nata ta ɗauka daga ƙarshe. Ta zura shi ke nan wani ɓangaren silin ya rufto da wuta. Hijabin na roba ne, irin mai santsin nan, ya kama nan take ya manne mata a wuya. Da hannuwanta biyu ta yage shi.

Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi. Amma ku da ba ku san Hidaya ba, ita ce ke yi wa amare zanen lalle. Daga Gagarawa, daga Sule Tankarkar ake ɗauko mota a zo a tafi da ita. Tun muna yara take cewa ranar aurena za ta zana mini abin da ba ta taɓa zana wa kowa ba. Yau cokali ma sai na riƙe mata.

Kun san me aka ce a gari? Aka ce Allah ya yi wa Yazid albarka, shi ya danna ƙararrawa ya ceci mata. Aka ce mata ne da taurin kai, ana kiransu suna zaune, da suka tashi kuma suka tsaya kwalliya. Matan zaurenmu duk sun san gaskiya, amma kowace na da bakin da take ciyarwa, wa zai tsaya ya nuna ɗan gidan mai sito da yatsa? Da aka gyara ginin, Alhaji ya naɗa Yazid shugaban kula da gobara, aka ba shi wata riga mai ƙyalli da usur.

Na samu Kawu yana alwala na zayyana masa komai.

"Amatullahi," ya ce, bai ko dube ni ba, "baki shi ke yanka wuya. Yaron nan shi ya danna ranar wutar ko ba shi ba?"

"Shi ne, Kawu, amma kafin nan..."

"To ya isa. Ƙaddara ta riga fata. Iyayensa sun aiko, na kuma ce ina sauraronki, ba zan yi miki dole ba. Amma ki sani mutanen nan ba su yar da mu ba lokacin da 'yar uwarki take kwance a asibiti."

Goggo Larai kuwa ba ta da aiki sai buɗe akwatin da suka kawo na na-gani-ina-so. Ta baza atamfa a kan gado, ta ɗaga leshi ruwan zuma, ta fesa turare a bayan hannunta ta kai mini hanci.

"'Yar nan, ki duba mana. Wa ya ƙi wannan? Fushin me kike yi da yaro mai kunya? Kuskure ai na ɗan Adam ne."

"Goggo, wa zai yi mini lalle?"

Ta mayar da leshin ta rufe akwatin. Washegari ta sake buɗewa.

Duk da haka, ku yarda da ni, da ya zo ya durƙusa ya ce Yaya Hidaya ki yafe mini, ni na jawo, wataƙila da zuciyata ta yi sanyi. Ya zo kuwa, wata Juma'a bayan masallaci, cikin farar shadda, da ledar lemo da ayaba. Hidaya na zaune a kan tabarma, ta ɓoye hannuwanta a ƙarƙashin mayafi. Ya zauna a kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya yi mata sannu, sannan ya girgiza kai kamar mai tausayi.

"Ai Yaya Hidaya, da kun fito da wuri da duk haka ba ta faru ba. Ni fa na danna a kan lokaci."

Hidaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne."

Haka ne! Na yi murmushi, na ɗauki ledar, na ce an gode, har na raka shi zaure. A raina kuwa na ce, Yazid, in ban sa ka faɗi abin da ka yi da bakinka a gaban mutane ba, ba Amatullahi nake ba.

Ban san ta inda zan ɓullo ba sai da Kawu da kansa ya buɗe mini ƙofa. Ina ajiye masa tuwo bayan magariba na ji yana gaya wa Goggo cewa gobe bayan azahar 'yan kwana-kwana za su zo sito su yi gwajin bazata. Za su danna ƙararrawa su ga yadda mutane za su fita. Ba wanda aka sanar sai Alhaji, ko Yazid bai sani ba, domin har shi ake son a gwada.

"Alhaji ya ce in zo in ga aikin surukina," in ji Kawu, yana dariya.

Na shiga ɗaki na ɗauki waya. Na rubuta wa Yazid.

"Gobe zan ba ka amsar da kake jira. Amma ba a gaban mutane ba."

Kafin in ajiye ya amsa. "Allah da gaske? A ina, ranki ya daɗe?"

"A ofishinka na sama. Bayan azahar in ka ji ƙararrawa, ni ce. Kada ka sauko. Ka bari kowa ya fita, zan hawo."

Na kifa wayar a kan katifa na zuba mata ido. Ga Allah nan, a wannan lokacin addu'a nake ya ce a'a. Ya ce Amatu kin haukace, ba a wasa da wannan abin, kin manta Hidaya? Mutumin da aka damƙa wa rayukanmu, mai riga mai ƙyalli da usur. Da ya faɗi haka, da na san wutar ta koya masa wani abu, da na goge komai na kwanta.

Wayar ta yi motsi. Na juya ta.

"Ashe kina tuna wasanmu." Da 'yar fuskar nan mai dariya har da hawaye.

Na ce to, shi ke nan, kai ka zaɓa.

Washegari na saka doguwar rigata baƙa, ban ko shafa hoda ba. A sito abubuwa sun canja tun bayan gyara. 'Yan kwana-kwana sun sa an rushe ɗan ɗakin ƙurya, an kafa ƙusoshin rataye hijabi a waje, ƙarƙashin rumfa, an kuma fasa wata ƙofa ta baya. Sun ce mana in ƙararrawa ta yi kuka a ajiye komai a fita, a taru a gindin darbejiyar bakin get, hijabi yana nan yana jiranki a waje.

Muna dawowa daga sallar azahar, mun zauna ke nan, ta tsala kuka.

Ban taɓa ganin mata sun tashi haka ba. Ba dariya, ba tambaya, ba wadda ta waiwayi jaka. Inna Ummulkhair, da ƙafarta da ba ta gama warkewa ba, ta riga 'yan mata isa ƙofa tana cewa, "Ku bi a hankali, kada ku ture juna, amma ku tafi!" Muka zari hijabai a rumfa muna tafiya muna sakawa. 'Yan dako ma suka yar da buhuna suka biyo mu, ba wanda ya yi shewa. Waɗanda suka ga wuyan Hidaya a ranar nan ba su da sauran abin dariya.

A gindin darbejiya muka tarar da Alhaji Ubale da Kawu da wani jami'in kwana-kwana mai furfura a gemu. Ya dube mu ya gyaɗa kai.

"Madalla da ku. Gwaji ne, ku kwantar da hankalinku. Haka ake so, ko gwaji ne ko gaske ne, ƙafa ta fara amsawa." Ya waiga hagu da dama. "To ina shugaban naku? Shi ya kamata in tarar a nan yana duba ko an bar wani a ciki."

Alhaji ya dubi Kawu, Kawu ya dubi ƙasa.

"Wataƙila ya fita kasuwa," in ji Alhaji.

"Ga motarsa can, Alhaji," na ce. "Yana sama."

Kawu ya harare ni, na yi kamar ban gani ba. Jami'in ya yi gaba, Alhaji da Kawu suka bi shi, ni kuma na bi bayansu. Ina jin takun mata a bayana, ban juya ba. Tun daga matakala turarensa ya tare mu, sabon fesawa. Jami'in ya ƙwanƙwasa ƙofar ofis.

Muryar Yazid ta fito daga ciki, a sake, har da 'yar waƙa a cikinta.

"Shigo mana, amaryata! Kai, ashe kin fi ni iya dannawa. Ni duk dannawar da na sha yi miki ba su taɓa watsewa da sauri haka ba."

Jami'in ya tura ƙofar.

Yana kishingiɗe a kujera, ya cire hula. A kan tebur ga lemon kwalba biyu masu sanyi, ga tsire a takarda. Rigar nan mai ƙyalli tana rataye a bayan kujera, usur ɗin na lilo a jikinta. Da ya ga waɗanda ke tsaye sai ya miƙe zumbur, gwiwarsa ta bugi tebur, kwalba ɗaya ta faɗi ta fashe.

"Dannawar da ka sha yi?" in ji Alhaji, a hankali. "Wace dannawa, Yazid?"

"Baba, ba haka... ita ce ta ce in jira ta! Ita ta ce ita za ta danna!"

"Ni na ce, Alhaji," na amsa. "Ban taɓa madannin nan ba, wannan bawan Allah ne ya danna. Na dai ce masa in ya ji ƙararrawa ya zauna, ya kuwa zauna. Ka tambaye shi a ina ya koyi cewa ƙararrawar gobara kiran budurwa ce."

"Wayar da kake ce mini tana haɗuwa," in ji Alhaji. "Gwajin da kake ce mini kana yi."

Daga ƙasan matakala sai muryar Inna Ummulkhair ta taso.

"Alhaji, mu za ka tambaya. Sallamar Yazid muke ce mata. Ranar wutar ma dariya muka yi, mun ɗauka yarinyar nan yake kira. Mun yi shiru ne don muna tsoron bakin aikinmu, amma yau tunda ya faɗa da kansa, Allah ya isar wa Hidaya."

"Amin!" Matan suka amsa baki ɗaya.

Jami'in ya shiga ciki. Ya zagaya ya cire rigar daga bayan kujera, ya naɗe ta da usur ɗin, ya miƙa wa Alhaji. Yazid ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Ai da ka fito da wuri da duk haka ba ta faru ba."

A motar Kawu muka dawo Gumel. Muna shiga gida ya tsaya a tsakar gida ya ƙwala wa Goggo kira.

"Larai, haɗa akwatin nan. Gobe a mayar musu."

Sannan ya je bakin ƙofar ɗakinmu, ya cire hularsa, ya daɗe a tsaye. "Hidaya," ya ce, "an gaya mini ban ji ba." Ya juya da sauri ya fita masallaci tun ba a kira la'asar ba.

Na faɗa ɗaki na zauna kusa da ita na kwashe komai na gaya mata, har da kwalbar da ta fashe, har da amin ɗin mata. Ina yi ina dariya, ina jira ita ma ta yi. Ba ta yi ba. Ta bari na gama, ta fito da hannuwanta daga mayafi ta ɗora a cinya.

"Amatu, da a daidai lokacin nan wutar gaske ce ta tashi fa? Yana zaune a sama yana jiranki?"

Ban ba ta amsa ba. Ku ma kada ku tambaye ni, domin amsar da ta zo bakina a lokacin ba ta da daɗin ji, kuma har yanzu ban tabbatar na janye ta ba.

Muna cikin wannan shirun wayata ta fara ruri a kan katifa. Sunan Yazid ne. Na miƙa hannu zan kashe, Hidaya ta tare ni da gwiwar hannunta.

"Ɗauka," ta ce. "Kowa ya yi magana a kan hannun nan, Kawu ya yi, gari ya yi, ke ma kin yi. Ni ce ban yi ba. Riƙe mini a kunne."

Na danna, na kara mata.